Tsohon Takarda Mai Fuskar Baba

Tun da na fara ba ku labarin nan wasunku ke rubuto min cewa in daina jan rai, in faɗa muku ko zan auri Pan Jiliang ko ba zan aure shi ba. Wata ma cewa ta yi namiji mai sanyin hali irinsa ba a samunsa sau biyu, in na tsaya ruwan ido wata za ta yi wuf da shi. Na gode, 'yar'uwa. Ki karanta na yau tukuna, sannan ki sake ba ni shawara.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Ke Yunshu, a gida A-Shu ake ce min. Shekarata ashirin da tara, wato a lissafin matan layinmu na kusa zama kwantai. Gidanmu yana wani lungu a tsohon garin Quanzhou na ƙasar Sin, shago a ƙasa, ɗakuna a sama, kuma sana'armu tun kakan kakana ita ce yi wa matattu kaya. Da tsinken gora da takarda da ƙullun shinkafa Baba yake gina gidan bene, da mota, da akwatin tufafi, da barori maza da mata, a kai su bakin haikali a ƙona don su isa ga mamaci a can inda yake. Ni kuma na je makarantar zane a Hangzhou na dawo da sana'ar da har yau Mama ba ta iya faɗin sunanta a gaban maƙwabta. Fim ɗin 'yan tsana nake yi. In tsayar da ɗan tsana, in ɗauki hoto, in motsa hannunsa kaɗan, in sake ɗauka, wuni guda sur ya ba ni motsin da bai kai tsawon hamma ba. Ba kamfani, ba oga. Ni ce da kyamara ɗaya a wani ɗaki na tsohuwar masaƙa a bayan gari.

Doka biyu ce a shagonmu, kuma na san su tun kafin in san karatu. Ba a ɗiga wa mutumin takarda ƙwayar ido sai ranar da za a ƙona shi, don in yana gani kuma ya kwana a gida, wani abu zai sami ƙofar shiga cikinsa. Ta biyu ta fi tsanani: ba a yin sa da fuskar mai rai.

Baba da kansa ya karya duka biyun.

Fim ɗina labarin wani tsoho ne mai gadin haikali a kan dutse, kowa ya watse ya bar shi, kullum yana share ganyen da ba ya ƙarewa. Wata rana ya faɗi a tsakar gida. A ƙarshe zai tashi, ya jingine tsintsiya, ya bar iska ta yi sharar. Na roƙi Baba ya yi min tsohon, ya ce min shi ba ya aikin wasan yara. Sai wata safiya ga shi a masaƙa da singiletinsa da wandonsa mai tabon fenti, rungume da wani abu a cikin tsohuwar jarida. Da ya buɗe na ga kunnen hagu mai ɗan lanƙwasa, na ga dogayen gashin gira, na ga leɓen ƙasa da yake turowa in yana tunani.

"Baba, wannan ai kai ne."

"To wa kike so in yi, maƙwabcinmu? Fuskar da na fi sani ke nan, kullum ina aske ta."

Ya zaro siririn buroshi daga aljihu, ya tsoma a tawada, ya ɗiga ido na dama, ya ɗiga na hagu. Gabana ya faɗi, ni da nake cewa ban yarda da waɗannan abubuwan ba.

"Shekara arba'in ina aiki," in ji shi yana goge buroshin a wandonsa. "Nuna min abu ɗaya da hannun nan ya yi wanda yake duniya yau. Duk wuta ta cinye. Wannan dai a bar min shi ya yi yawo." Har ya kai ƙofa ya waiwayo. "Kada ki gaya wa uwarki."

A ƙarshen hunturu na ɗauki wurin da tsohon ya faɗi. Ya yi kyau sosai, har na kasa haƙuri na saka guntunsa a shafina. Ba a daɗe ba Baba ya faɗi a shago yana tsakar liƙa wa wani gidan takarda rufi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai wani sauti ɗaya da yake fitowa daga maƙogwaro.

Ina zaune a barandar asibiti wayata ta fara rawa a cinyata. Lifen ce, 'yar baffana, ta tura guntun fim ɗin nan zauren hirar dangi na waya.

Lifen: "Wannan ba baban A-Shu ba ne?"

Goggo ta Biyu: "Ku duba idon. An ɗiga masa ido."

Goggo ta Biyu: "Har yadda ya faɗi. Ta ɓarin dama."

Lifen: "Ni dai ban ce komai ba."

Sai saƙon Baffa, yayan Baba, wanda ba ya rubuta kalma biyu in ɗaya ta isa: "A goge. Yunshu, zan zo gida."

Sai da aka sallamo Baba sannan Baffa ya zo. Tunda Baba ba ya iya hawa bene, mun sauko da gadonsa bayan shago, cikin gidajen takardar da ba a sayar ba, Mama ta lulluɓe su da tsofaffin zannuwan gado don kada ya farka ya ga kansa a unguwar matattu. Mu uku muka zauna a teburin sama. Mama ta dafa kifi da citta da wainar ƙwai da kawa, ba wanda ya taɓa. Baffa tsohon shugaban makaranta ne, shi ke riƙe da mabuɗin zauren kakanninmu, mutumin tsohuwar tarbiyyar Konfushiyas da ke ɓalla maɓallin farar rigarsa har wuya ko ana zafin da ke narka kwalta.

"Ni ban ce takarda tana numfashi ba," ya fara. "Wannan maganar uwarki ce da malamanta. Tawa tambayar ɗaya ce. Jikin nan naki, wa ya ba ki?"

"Baba da Mama."

"To wanda ya ba ki jiki, shi kika ɗauki siffarsa kika kayar a ƙasa, kika nuna wa baƙi suna danna miki alamar so?"

"Shi ya yi shi da hannunsa, Baffa."

"Uba yakan yi wauta saboda son 'ya. Aikin 'ya ne ta hana shi cikin ladabi, ba ta kunna fitila ta ɗauki hoto ba."

Na sunkuyar da kai. A raina na ce, ina kake duk shekarun da ƙaninka yake kallon aikinsa yana zama toka? Amma a gidanmu ba a mayar wa Baffa da magana sau biyu a zama ɗaya.

Mama ba ruwanta da ladabi, tsoro ne ya cika ta. Ta riga ta je wurin Malam Pan, malamin addinin Dao da ke yi wa unguwarmu hidimar mutuwa da ta rashin lafiya. Ya ce mata tunda abin yana da fuskar Baba da ido, ya riga ya zama madadinsa. In aka ƙona shi bisa ƙa'ida zai kwashe ciwon ya tafi da shi. In aka bar shi kwance a ƙasa, mai fuskar ma haka zai yi ta kwanciya.

"Takarda ce kawai, A-Shu," in ji Mama, idonta ya yi ja. "Takarda ko ubanki, zaɓi ɗaya."

"Mama, hannun da ya yi shi ba zai sake yin wani ba."

"Shi ya sa nake so hannun ya dawo."

Na ce a'a. Na yi ta cewa a'a har sanyi ya gama wucewa, zafi ya shigo.

Yanzu sai maganar Jiliang, wanda nake kira A-Liang, ɗan Malam Pan ɗin nan. Malamanmu irin masu aure ne da ke zaune cikin gari, ɗa ya gaji uba. Tun muna yara muke haɗuwa a bakin wuta, babana ya gina, babansa ya ƙona. Shi ke busa algaita a wurin hidima, kuma shi ya yi wa fim ɗina kiɗa. Kullum yana cikin baƙar riga mai gajeren hannu, a kan babur mai batir, jar alkyabbarsa ta aiki ninke a akwatin ƙarƙashin kujera. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri, in ina masifa sai ya tsaya yana kallona da murmushi har in ji kunya. Gidajenmu duka sun san maganarmu. Amma Malam Pan ya aiko cewa ba zai kawo kayan sa rana gidan da ke ajiye da mutumin takarda mai ido ba. Mama kuma ta ƙwallafa rai a kan bikin, don a wajenmu an yarda farin cikin aure yana korar ciwo daga gida. Ka ga an ɗaure ni ta gaba da ta baya.

Wata rana da azahar ya same ni a masaƙa. Tagogi duk a rufe da baƙin labule, kuma ba na kunna fanka don iska kaɗan tana girgiza takarda ta ɓata hoto. Gumi har cikin idona. Ya ajiye min kunun gyaɗa mai sanyi a kan kujera, ya durƙusa yana kallon ɗan dutsen da na gina a kan tebur.

"Darakta, tsohon naki ya dafa ƙasa."

"Kada ka yi numfashi kusa da shi, Malam Ƙarami."

"Saura nawa ya miƙe?"

"In an bar ni, kafin bikin cikar wata na watan takwas."

Ya juya mabuɗin babur a yatsa. "Watan bakwai za a yi hidimar. Baffanki da babana sun gama magana."

"To su nemo abin da za su ƙona."

"Shi na zo gaya miki. Hidimar ba fuska take bi ba, suna take bi da lokacin haihuwa. Zan sayo wani tsohon takarda a wani shago can nesa, in rubuta sunan babanki, in naɗe shi da jan ƙyalle. Ni zan sa shi a wuta da hannuna. Ba mai buɗewa."

"Babanka fa?"

"Idonsa ya yi rauni, ko littafin hidima da ka yake karantawa."

"Rantse."

"A-Shu, yaushe na taɓa yi miki ƙarya?"

"Ranar da ka ce miyata ta yi daɗi."

"Wannan ai ceton rai ne."

Na yi dariya, karo na farko tun faɗuwar Baba. Ranar na ji na ƙara sonsa har ina jin tsoron abin. Yana da mabuɗin ɗakin tun lokacin da yake zuwa ɗaukar sauti, ko sau ɗaya bai zo min a rai in karɓa ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Kullum da yamma, kafin Mama ta kawo wa Baba kunun shinkafarsa, nakan zauna a bakin gadon in kara masa waya kusa da idonsa na hagu, in nuna masa abin da na ɗauka a ranar. Tsohon ya buɗe yatsu. Tsohon ya dafa ƙasa. Ya ɗaga gwiwar hannu. Baba sai ya damƙe zanen gado da hannunsa mai lafiya, sautin nan ya yi ta fitowa daga maƙogwaronsa, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne.

"Kina sa shi kuka," Mama za ta ce daga ƙofa.

Ba kukan ciwo ba ne, na san babana. Kuma a makon da tsohon takarda ya ja gwiwa ɗaya ya dasa ƙafarsa a ƙasa, a makon ne yatsan Baba na dama ya motsa. Mai gashin ƙashi da ke koya masa motsa jiki ta ce haka abin yake, lokacinsa ne ya yi. Na gyaɗa mata kai. Amma ni da nake yi wa Mama dariyar camfi, sai ga ni ina tashi da sassafe ina gudu masaƙa da imani ɗaya a zuciyata: ranar da na miƙar da tsohon nan tsaye, Baba zai tashi. Kowa a gidanmu ya yarda takardar nan tana riƙe da ransa. Bambancinmu kawai, su wuta suke gani, ni tashi nake gani.

Ranar hidimar Mama ta ce in raka Baba wurin motsa jiki da safe, ita tana da sayayya. Da la'asar muka bar shi da Goggo ta Biyu muka tafi filin haikalin da ke bakin kogi. Na sa riga shuɗiya mai duhu, ba ɗan kunne, ba jan baki. Hadari ya haɗu amma ya ƙi zubowa, ƙamshin turaren tsinke ya cika wurin, ko'ina a bakin hanya mutane na ƙona wa matattunsu kuɗin takarda don watan bakwai na matattu ne. Malam Pan yana cikin rawayar alkyabba yana kaɗa ƙararrawa. A-Liang yana gefensa da tasa ja, da baƙar hula, fuskarsa ba irin wadda na sani ba. Mama ta miƙa tsohuwar rigar Baba, aka zagaya ta da wani ƙunshi mai jan ƙyalle ana karatu. Na kalli ƙunshin na ji har ina tausayin Mama, tana ta sunkuyawa tana rawar leɓe a gaban kayan wani shago.

A-Liang ya ɗauki ƙunshin da hannu biyu ya sa a cikin kaskon ƙarfe. Wuta ta fara cin ƙyallen daga ƙasa, ya naɗe ya ja baya. Abin da na fara gani gwiwa ce, a lanƙwashe, ƙafa ɗaya a dashe, daidai yadda na bar ta jiya da yamma. Sannan hannun da ke dafe da ƙasa. Sannan kunnen.

Ban yi ihu ba. Da ma na yi. Tsaye na yi ƙiƙam ina kallon fuskar babana tana yin baƙi daga haɓa zuwa goshi, idon nan biyu da ya ɗiga da hannunsa suna kallon sama. Takarda ba ta daɗewa. Kafin Malam Pan ya kai ƙarshen karatunsa ba abin da ya rage sai siririyar wayar da na zura masa a gaɓoɓi, ta yi ja tana lanƙwashewa. Mama ta riƙe damtsena tana kuka tana cewa ya tafi da shi, ya tafi da shi. Baffa ya gyaɗa kai sau ɗaya ya buɗe lemarsa.

A bayan haikali na sami A-Liang, ya cire hula yana share gumi.

"Da mabuɗin da na ba ka."

"E."

"Mama ta sani?"

"Na kira ta da safe na ce ta fitar da ke daga hanya."

"Ka ce suna take bi, ba fuska ba."

"Haka na ɗauka. Na sayo na ƙaryan, yana nan a akwatin babur, ki je ki duba. Na zauna zan rubuta sunan babanki a ƙirjinsa, hannuna ya ƙi. A-Shu, in na ƙona na ƙarya kuma babanki ya mutu a watan nan, da wane ido zan dubi mamarki? Da wane ido zan dube ki?"

"Gwiwa ɗaya ta rage masa ya miƙe."

"Na gani. Sai da na daɗe a tsaye kafin in taɓa shi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Amma me fim ɗinki yake cewa? Ba ke kika ce tsohon zai ajiye tsintsiya ya bar iska ta yi aikinta ba? Abin da aka riƙe da ƙarfi shi ke..."

"Kada ka karanta min karatun babanka. Da hannunsa zai ajiye ta. Ba fizge masa za a yi ba."

Ruwan da ya ƙi zubowa ya fara sauka a kan jar alkyabbarsa, na juya na bar shi a wurin.

Washegari na je masaƙa. Dutsen yana nan, haikalin yana nan, ganyen takarda a warwatse yadda na jera su, 'yar tsintsiya a yashe. A tsakiya sai ƙananan ramukan allurar da ke riƙe ƙafarsa. Na yi ƙoƙarin yin wani, kada ku ce ban gwada ba. Na jiƙa takarda, na murza, na zana gira. Abin da ya fito tsoho ne dai, amma na kowa. Na cusa shi a kwandon shara.

Wayata ba ta huta ba.

A-Liang: "Kin ci abinci?"

A-Liang: "Ban ce ki yafe min ba. Ki dai ci abinci."

A-Liang: "Na bar miki kunun gyaɗa a ƙofar masaƙa."

A-Liang: "In za a sake, haka zan sake yi. Gara ki tsane ni yana raye."

Ban amsa ko ɗaya ba, amma kowanne sai na karanta shi sau uku.

Abin da ya fi wuya shi ne yamma. Ina shiga wurin Baba idonsa na hagu zai sauka a kan aljihuna, ya tsaya nan. Yau in ce batir ya mutu. Gobe in ce damina ta sa takarda ta yi laushi, ba na ɗauka. Mama ta ja ni kicin ta ce likita ya yi gargaɗi kada a tayar masa da hankali, jijiyar na iya sake fashewa, don haka in na buɗe baki na gaya masa, ni na kashe shi.

Kuma ga abin takaici, ko abin murna, ni kaina ban san sunan da zan ba shi ba: Baba ya ci gaba da samun sauƙi. Ya fara riƙe cokali. Wata safiya ya ce "ruwa" a fili. Zauren dangi ya kacame da hoton furanni da jan zuciya. Goggo ta Biyu ta rubuta cewa yaron nan na gidan Pan hannunsa na da albarka. Lifen ta rubuta, "A-Shu, kin yi dace fa." Ba wanda ya tuna da mai gashin ƙashi, ba kuma wanda ya tambaye ni fim.

Da watan takwas ya kama aka aiko za a kawo kayan sa rana. Na ce wa Mama ban shirya ba. Tana wanke shinkafa, ta ajiye kwanon, ta goge hannu, sai na ga tana sauka ƙasa za ta durƙusa min a kan simintin kicin. Uwa ta durƙusa wa 'yarta, a wajenmu ba abin da ya kai wannan nauyi. Na riƙe ta tun gwiwarta ba ta taɓa ƙasa ba.

"Ki bar shi ya ga aurenki da idonsa," in ji ta. "Ban roƙe ki komai ba sai wannan."

Na ce to. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce don Mama kaɗai. Ina son A-Liang har yanzu. Na neme shi a zuciyata in tsane shi, na tarar da shi zaune daram inda yake, kuma wannan ya fi ƙona min rai fiye da komai.

Ranar kawo kayan, an kwashe gidajen takarda duka an kai ɗakin ajiya, an wanke shago, an liƙa jar takarda a ƙofa. Mama ta sa min jar riga mai tsayin wuya da maɓallan zare a gefe, ta jera min awarwaron zinarenta har hannuna ya yi nauyi. Dangin Pan suka shigo da jajayen kwanduna, siririyar taliya, alewa, lemo, manyan kyandirori. An yi wa Baba aski, an sa masa sabuwar riga ruwan goro, an zaunar da shi a kekensa a tsakiya, tawul ninke a kafaɗarsa ta dama saboda yawu. Baffa yana damansa, Malam Pan yana hagu.

A-Liang ya shigo da kwat wadda ta yi masa yawa. Ya rame. Ya karɓi ƙaramin kofin shayi mai jan dabino daga farantin da nake riƙe da shi, bai yarda mun haɗa ido ba, ya durƙusa a gaban Baba ya ɗaga kofin da hannu biyu.

"Baba, ga shayi."

Baba bai dubi kofin ba. Ni yake kallo. Leɓensa na ƙasa ya turo, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya yi ta kokawa da harshensa har hirar ɗakin ta mutu.

"A... Shu."

Sunana ne, karo na farko tun hunturu. Mama ta rufe baki da hannu, goggonni suka fara share ido, wani ya ce kun gani ko, kun gani. Baba ya ɗaga hannun hagu a yi shiru. Bai gama ba.

"Tso... hon." Ya ja numfashi. "Ya... tashi?"

Mama tana bayan kekensa, ta kafe ni da ido tana girgiza kai a hankali. Malam Pan ya mai da dubansa ga kyandir. Baffa, wanda ya koya min cewa ba a yi wa uba ƙarya ko da wasa, ya gyara maɓallin wuyansa ya ce ƙasa-ƙasa, "Amsa wa babanki. Ce masa ya tashi."

Na ajiye farantin. Na durƙusa a gefen A-Liang, wanda har yanzu yake ɗage da kofin. Na kama hannun Baba na dama, mai sanyin nan, na riƙe.

"Baba, ba ya hannuna," na ce. "Tambayi wanda ke miƙo maka shayi."

Baba ya juya kansa a hankali, ya sauke idonsa mai lafiya a kan A-Liang, ya zauna yana jira.